Ɗanɗano Ko Sata? Tarihin Kwafi Daga Alƙalamin Kara Zuwa Wayar Yaranmu

Ran wata Juma'a da la'asar, a ƙofar gidanmu da ke Affala, na tarar da ɗan ƙanena da abokansa huɗu sun haɗa kai a kan waya guda, ko sallamata ba su ji ba. Shekarar yaron goma sha huɗu, yana kwaleji. Da na leƙa sai na ga Minecraft suke bugawa, wasan nan da ake gina gidaje da gonaki da tubala a cikinsa. Na san wasan na kuɗi ne. Na kuma san ubansa yana Abijan wajen bida, kuma babu mai katin banki a gidan. Na tambaye shi inda ya samo. Ya ce ranar Lahadi da ya bi kawunsa kasuwar Tawa aka tura masa a rumfar masu turi, dala ashirin.

Na ce, "To masu wasan fa, an biya su?"

Ya ce, "Baba, ai gwadawa nike. In ya yi mini daɗi sai in sayi na gaske."

Na ce, "Yaushe ka fara gwajin?"

Ya ƙirga da yatsu, ya ce wata biyar.

Na yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, domin na tuna cewa shekaru talatin da suka wuce ni ma na faɗi irin wannan magana a kan kaset ɗin waƙa. Tun daga ranar nake juya zancen a raina, a matsayina na malamin makaranta kuma uba. Hujjar yaron ba ta wofi ba ce, manya masu digiri a Turai da Amurka suna kafa ta. Shi ya sa na ga ya dace mu koma baya mu duba yadda kakanninmu da iyayenmu suka yi da kwafi da ɗanɗano, ko ma samu abin faɗa wa ƴaƴanmu wanda ya wuce tsawa.

Ɗanɗano a kasuwarmu

Bahaushe ya ce ba a cinikin biri a sama. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwa a Adar ya san mai kilishi yakan yago ɗan guntu ya miƙa maka, mai cuku ta ɓantaro maka gefe, mai goro ya ɓare guda ka ga cikinsa. A kasuwar dabbobi kuwa sai ka buɗe bakin rago ka duba haƙora, ka hau jaki ka ɗan zagaya da shi. Babu wanda ya taɓa kiran wannan sata.

Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu sun tsara abin. A Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil akwai babin ciniki da zaɓi, inda mai saye da mai sayarwa ke yarda a kan wani wa'adi na jarraba kaya ko yin shawara. Wa'adin yana bin irin kayan: gida kamar wata guda, dabba kamar kwana uku. Idan wa'adi ya cika, ko dai a biya ko a mayar.

Abubuwa biyu ne ke riƙe da wannan al'ada. Na farko, mai kaya ne ke miƙo ɗanɗano da hannunsa, ko ya yarda da gwajin da bakinsa. Na biyu, ɗanɗano yana da iyaka da kowa ya sani. Wanda ya zo bayan idon mai kilishi ya ɗauke fefe guda, ya cinye, ya ce yana son ya ji ko akwai yaji, kowa ya san sunansa. Wanda ya hau jakin mutane wata biyar yana jidar ruwa da shi, ya ce har yanzu gwadawa yake, shi ma an san sunansa.

Sai dai yaro mai wayo zai ce: idan na ci kilishi ya ƙare, amma idan na kwafi wasa, na mai shi yana nan bai ragu ba. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ta sa dole mu bar kasuwar kilishi mu duba tarihin abubuwan da ake kwafa.

Zamanin alƙalami da tawada

Ƙasarmu ta daɗe da sanin kwafi. A Maratta, kusa da Galmi a cikin wannan jiha tamu ta Tawa, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Littattafansa da na ƙanensa Abdullahi da na ɗansa Muhammadu Bello da na ƴarsa Nana Asma'u sun bazu daga Gobir zuwa Adar, Kano, Borno har gaba, ba tare da injin ɗab'i ba. Almajiri kan aro littafi wajen malaminsa ya zauna ya juye shi da alƙalamin kara, a kan takardar da fatake ke kawowa ta hamada, mai yawanta ƙirar Italiya. Wanda ke da hali kuma ya ɗauki marubuci ya biya shi ladar hannunsa.

Mawallafin ba ya karɓar ko wuri a kan kowane kwafi, kuma bai nema ba. Ya rubuta ne don a juya, a karanta, a yi aiki da shi. Abincinsa yana fitowa daga gona, ko sana'a, ko sadakar da jama'a ke kai wa malamai. Duk da haka akwai ƙa'ida. Mai kwafi yana ajiye sunan mawallafi a inda yake, sau da yawa ya rubuta nasa sunan a ƙarshe ya roƙi addu'a. Ɗalibi kuma yakan nemi izinin malami kafin ya karantar da littafin. Cire sunan mai littafi ka ɗora naka abin kunya ne babba tun a wancan zamani.

Saboda haka idan wani ya ce mana ai ilimi ba a sayar da shi a al'adarmu, akwai ƙanshin gaskiya. Amma a lura, kwafin nan da yardar mai abu aka yi shi, kuma bai hana shi cin tuwo ba. Lamarin ya canza ne lokacin da aka samu mutanen da abincinsu ya rataya a kan sayar da kwafin kansa. A Ingila injin ɗab'i ya kawo wannan matsala har aka yi dokar haƙƙin mallaka ta farko a 1710, ƙasashe kuma suka ƙulla yarjejeniyar Bern a 1886. A ƙasar Hausa abin ya iso da kamfanonin buga littattafai irin su Gaskiya na Zariya, wanda aka kafa a 1945. Nijar tana cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Bangi ta 1977, muna da hukumar kare haƙƙin mawallafa ta BNDA a Yamai, da dokar haƙƙin mallaka ta Disamban 2010. A ɓangaren malamai, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a Disamban 1988 ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da Shari'a ta kare, ko da yake akwai malaman da suka saɓa wa wannan fahimta.

Kaset, kwali da Ƙofar Wambai

Mu da muka tashi a shekarun 1980 mun ga zamanin kaset. Ƴan bida kan dawo daga Abijan, Legas ko Libiya da rediyo mai baki biyu, a sa kaset mai waƙa a ɗaya, a sa farare a ɗaya, a danna. Haka waƙoƙin Shata da Ɗan Anace da namu Ɗan Gurmu na Tawa suka shiga kowane ƙauye. Waɗannan mawaƙa sun fi dogara da iyayen gida da bukukuwa da filin wasa. Kaset ɗin da aka juya yana ƙara musu suna, suna kuma yana jawo gayyata. Ba na cewa ba a zalunce su ba, domin masu shaguna sun yi kuɗi da muryoyinsu. Amma akwai wata ƙofa da ladar ke komawa gare su.

Labarin fim ya sha bamban, kuma shi ne ya fi kama da na wasannin bidiyo, domin shi ma aiki ne na taron mutane da jari mai yawa. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin kasuwar finafinan Hausa na bidiyo. Kafin shekara goma harkar ta bunƙasa har mujallar Tauraruwa ta raɗa mata suna Kannywood. Na tuna lokacin da Sangaya da Wasila suka iso Tawa. Mai gidan kallo yana tayar da inji da magariba, yara su biya dala biyar su zauna a tabarma, mu manya mu tsaya baya muna cewa yara muka zo nema.

Akwai abin mamaki a tushen wannan kasuwa. Wani masani, Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano ya kuma fitar da littafi a 2008, ya nuna cewa ƴan kasuwar Ƙofar Wambai sun fara gina hanyoyinsu ne da juya finafinan Indiya da na Amurka ba da izini ba. Injinan juyawa, dillalai, bashi da amana tsakanin Kano da garuruwa masu nisa, duk an kafa su kafin fim ɗin Hausa ya zo. Da ya zo sai ya hau wannan hanya. Hasali ma Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu mai yawa a kan yadda finafinan Hausa da dama suka ɗauko labari da karin waƙa daga na Indiya. Wato masana'antar da ta fi kowa kuka da satar fasaha ita ma ta sha nonon kwafi.

To ta yaya mai fim ke samun kuɗinsa? Dabarar ita ce kwali. Furodusa yakan ba ɗan kasuwa uwar kaset, sannan ya buga kwalaye masu hoto ya sayar masa. Ɗan kasuwa ya juya kaset da kansa ya zura a kwali. Kwali nawa aka sayar, kuɗi nawa furodusa ya samu. Mai saye kuma ya san kaset mai kwali shi ne na gaske. Tsari ne mai rauni, amma ya ciyar da dubban mutane: ƴan wasa, masu ɗaukar hoto, mawaƙa, masu kwalliya, direbobi, masu dafa abinci.

Faifan sidi ya fara sassauta wannan ƙulli, domin juya shi ya fi sauƙi da araha. Waya da memori suka ƙarasa shi. Da fim ya zama abin da ake turawa cikin minti biyu, kwali ya rasa amfani. Mutum guda ya sayi faifai ɗaya ya zuba a kwamfuta, ya tura wa mutum ɗari, kowa ya biya shi, wanda ya yi fim ɗin bai ga ko dala ba. Ga kuma finafinan Indiya da aka fassara da Hausa sun cika rumfunan. Zuwa tsakiyar shekarun 2010 kasuwar faifan finafinan Hausa ta durƙushe, shaguna suka koma sayar da wasu kaya, furodusoshi da yawa suka bar sana'ar.

Mu ne muka yi wannan, mu masu kallo. Babu ɗayanmu da ya ƙi jinin ƴan fim, hasali ma sonsu ne ya sa muke cika memori da su. Kowa ya ɗauka nasa guda ɗaya ba zai kashe kowa ba. Kuma da yawanmu mun ce bari mu gani tukuna, in ya yi kyau ma sayi faifan. Ni dai ban san wanda ya koma ya saya ba, har da ni kaina.

Harkar ta farfaɗo ne da ta samu wata ƙofar shigar kuɗi. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014, da finafinai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So da suka fito a 2020, sun koma dogaro da talla a talabijin da YouTube. Mai kallo yana kallo kyauta, amma mai fim ne ya buɗe ƙofar da kansa, kuma kowane kallo yana ƙirguwa a asusunsa. Idan aka sauke aka tura a rumfa, wannan lissafin ma ya ɓace.

Ɗan jiharmu da memori ya ɗaukaka

Don kada a ce na ɗauko gefe guda, ga labarin da masu goyon bayan kwafi za su so. Mdou Moctar, makaɗin gita Buzu daga arewacin jihar Tawa, ya je Sakkwato a 2008 ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a situdiyo, da irin sautin waƙoƙin finafinan Hausa. Ba a fitar da su kasuwa ba. Daga waya zuwa waya suka yi ta tafiya ta bulutut da memori, har suka kai Kidal a arewacin Mali. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya ji su yana tattara waƙoƙi daga wayoyin mutane. Ya sa ɗaya a cikin wani faifai da ya fitar a 2011. Yau Mdou Moctar yana wasa a manyan dandali na Turai da Amurka, kuma kamfanin Matador ya fitar da faifansa Afrique Victime a 2021.

Ba shakka kwafi ne ya kai muryarsa inda ƙafarsa ba ta kai ba. Amma abin da ya mayar da suna ya zama abinci shi ne wani mutum ya ɗauki wahalar neman mai waƙar, ya same shi, ya yi yarjejeniya da shi, ya biya shi. Da Kirkley ya tsaya a sauraro kawai, da labarin ya ƙare a memori, kamar na ɗaruruwan mawaƙan da muke ji ba mu san ko sunansu ba.

Ɗaya daga cikinsu tsohon ɗalibina ne. Ya yi shekara biyu yana tura baro a Kwatano, ya dawo ya zuba abin da ya tara a wani situdiyo a Tawa, ya yi waƙoƙi shida. Bayan sati biyu ya ji waƙarsa tana tashi a wata rumfar turi. Ya tsaya ya ga an tura wa mutum uku a gabansa, kowa ya biya. Da ya ce shi ne mai waƙar, mai rumfar ya yi masa murna, ya ce ai talla yake yi masa. Da muka haɗu ya ce mini, "Mushe, kowa ya san waƙata, amma kuɗin mota zuwa gida sai da na ranta." Ya koma Kwatano.

Masu wasannin su ma sun sha wannan gardama

Rigimar ta girmi yaranmu. A Fabrairun 1976 Bill Gates, yana saurayi, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu sha'awar kwamfuta yana kukan cewa mafi yawan masu amfani da manhajarsa ba su biya ba. Daga baya masu yin wasanni suka gane cewa mai saye yana da gaskiya idan ya ƙi cinikin biri a sama. A Disamban 1993 kamfanin id Software ya saki kashi na farko na wasan Doom kyauta, ya ce kowa ya kwafa ya ba abokinsa, wanda ya ji daɗi ya aiko kuɗi a ba shi sauran. Wannan shi ne guntun kilishi daga hannun mai shi. A 2015 kasuwar wasanni ta Steam ta kafa ƙa'idar cewa wanda ya sayi wasa zai iya mayarwa a ba shi kuɗinsa cikin kwana 14, muddin bai buga shi fiye da awa 2 ba. Malamin zaure da ya karanta babin ciniki da zaɓi zai gane wannan tsari nan take.

Shin masu cewa gwadawa suke yi suna dawowa su biya? Wasu suna yi. Amma ga abin da ya faru a 2013. Wasu ƴan'uwa biyu masu ƙaramin kamfani, Greenheart Games, suka fitar da Game Dev Tycoon, wasan da ɗan wasa ke tafiyar da kamfanin yin wasanni. Kuɗinsa bai kai dalar Amurka 8 ba, kuma akwai na gwaji kyauta. Da gangan suka saki wani kwafi a shafukan sata, wanda a cikinsa kamfanin ɗan wasa ke karyewa saboda ɓarayin fasaha. Bayan kwana ɗaya suka duba: mutum 214 ke buga na saye, fiye da 3,000 ke buga na sata. Wasu daga cikin waɗannan har suka shiga intanet suna kukan cewa ɓarayi sun hana su ci gaba a wasan, suna neman dabara.

Su ma masu sayarwa ba su kuɓuta daga zargi ba. Shugaban kamfanin da ya mallaki Steam, Gabe Newell, ya faɗa a 2011 cewa yawancin satar fasaha tana faruwa ne saboda ɓarawo ya fi mai kaya iya kai kaya ga mutane. Shi kansa wanda ya ƙirƙiro Minecraft, Markus Persson, ya taɓa gaya wa wani da ya ce ba shi da kuɗi a 2012 cewa ya sauke na sata, in ya samu hali daga baya ya saya. Sai dai shi mai abu ne a lokacin, yana da ikon yafewa. A 2014 ya sayar da kamfanin ga Microsoft a kan dala biliyan 2.5, yafiyar kuma ba ta bi kayan ba.

Halin da muke ciki a nan

Dole mu faɗi gaskiya game da Affala da ire-irenta. Sabon babban wasa na PlayStation yana kai dalar Amurka 70, wato kimanin jaka arba'in, kusan albashin wata na ƙaramin ma'aikaci a ƙasar nan. Ko ƙaramin wasan waya mai araha, sayensa yana bukatar katin banki da mafi yawan gidaje ba su da shi. Gidajen gem da ke Tawa da Ƙonni tun zamanin PlayStation 2 da injinan da aka yi wa dabara da faifan kwafi suka tashi, babu wanda ya taɓa ganin wakilin kamfanin ya zo da na gaske. Yaron da ke buga ƙwallo a wayar yayansa bai cire wa wani kamfani na Japan ciniki ba, tunda da ma ba zai iya saya ba. Ban ga adalci a daidaita shi da wanda ya fasa shago ba, kuma laifin wanda ya buɗe rumfa yana cin riba da gumin wasu ya fi nasa nesa ba kusa ba.

Ni ma ba wankakke ba ne. A ajina littafi ɗaya yara biyar ke rabawa, kuma nakan kai shafuka a yi mini fotokwafi. Dokoki da yawa sun yi sassauci ga kwafin ɗan yanki don koyarwa, amma na san akwai shekarar da na wuce ɗan yanki.

Abin da ya dame ni a maganar ɗan ƙanena shi ne kalmar gwadawa. Yaron bai da niyyar saye, bai ma san hanyar saye ba. Ya samu wata kalma mai daɗi ya lulluɓe abin da ya yi, har shi kansa ya yarda da ita. Wannan ɗabi'a ita ce abin tsoro, domin ba ta tsayawa a kan Microsoft. Wanda ya saba ce wa ɗauka gwaji, gobe zai ce wa satar amsa taimakon juna, ya ce wa cin kuɗin ƙungiya rance. Kuma hannun da ya saba karɓar wasan Amurka a rumfa, shi ne dai ke karɓar waƙar ɗan unguwarsu da fim ɗin Kano, waɗanda rashin dala ashirin ɗin ke kai su ƙasa.

Saboda haka, ƴan'uwana iyaye da malamai, ga tambayoyi uku da na ga tarihin nan ya bar mana, waɗanda za mu iya yi wa yaro cikin natsuwa. Wa ya ba ka ɗanɗanon, mai kaya ko wani? Yaushe gwajin zai ƙare? Idan abin ya yi maka daɗi, ta wace hanya ladar za ta koma ga wanda ya yi wahalar? Idan yaro ya kasa amsawa, to ya kira abin da sunansa, ya ce na ɗauka ban biya ba. Daga nan ake fara gyara.

Akwai kuma matakai masu sauƙi. Wasanni da yawa masu su ne suka sake su kyauta, kamar eFootball tun 2021, sai dai a kula da tallar saye-saye da ke cikinsu. Minecraft kansa yana da na gwaji mai ƙayyadadden lokaci daga kamfanin, akwai kuma Luanti mai kama da shi wanda kyauta ne gaba ɗaya. Bidiyon da ake nuna yadda ake buga wasa sun ishi mutum ya san ko zai so shi. A kuma tuna cewa fasasshen wasa yakan zo da muguwar manhaja a ɓoye, alhali a wayar nan ce saƙon kuɗin da ƴan bida ke turowa yake sauka. Ga mawaƙanmu da ƴan fim kuwa, mu kalla a shafinsu idan da hali, mu je wasansu mu biya kuɗin ƙofa, wanda muka sani ido da ido mu sa masa wani abu a hannu.

Ban goge wasan daga wayar yaron ba. Na zaunar da shi na ba shi labarin kwali da na tsohon ɗalibina, wanda ya san waƙoƙinsa sarai, har yana da biyu a wayar. Ya yi shiru, can ya ce, "Baba, to na ɗauka ban biya ba." Muka kira ubansa, ya ce akwai wani ɗan garinmu a Abijan mai katin banki da zai iya saya masa, kuɗin bai kai jaka biyar ba, amma shi ba zai biya ba, mai wasa ya biya. Yanzu yaron yana da gwangwanin madara a ƙarƙashin gadon kakarsa. Da na tambaya makon jiya, jaka ɗaya da rabi ke ciki, daga kuɗin sallah da na ɗaurin albasa. Ya ce idan ya cika zai ga ko wasan zai saya, ko kuwa zai aika wa mai waƙoƙin nan biyu a Kwatano. Na ce masa wannan shawara tasa ce.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin da ke wuyanmu.